Fashin baƙi: Yaushe ne ya kamata ma'aikaci ya fara neman wani aiki?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, wata tambaya take ta yawo a bakin masu cin albashi a Najeriya: in ci gaba da zama a inda nake, ko lokaci ya yi da zan nemi wani aiki? Malamin makarantar kuɗi yana yin ta, ma'aikaciyar jinya tana yin ta, haka ɗan kwantiragin banki da direban kamfani da yaron shago a Kantin Kwari. Amsa iri biyu ake yawan bayarwa. Dattawa kan ce a riƙe na hannu, kada a saki reshe a kama ganye, don aiki ba ya samuwa a ƙasar nan. Samari kuma, musamman a Facebook da TikTok, cewa suke yi zama wuri ɗaya tsautsayi ne, wanda ya shekara biyar a kujera ɗaya bai san ciwon kansa ba.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Sai dai dukansu maganar barin aiki suke yi, alhali kafin a kai ga bari akwai matakin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi.

Neman aiki daban, ajiye aiki daban

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne sa ido a kan kasuwa: mutum ya san nawa ake biyan mai irin aikinsa a wasu wurare, wace ƙwarewa ake nema yanzu, su wa ke ɗaukar ma'aikata. Na biyu shi ne nema gadan-gadan, wato a gyara takardu a tura, a je intabiyu, a yi wa waɗanda aka sani magana. Na uku shi ne miƙa takardar ajiye aiki.

Na farkon ba shi da lokaci, ko wanda ke jin daɗin aikinsa ya kamata ya riƙa yi. Na ukun shi ne mai hatsari, shi ne kuma dattawa ke tsoro, kuma suna da dalili. Na biyun ne ake magana a kai a nan. Mutane da yawa suna haɗa shi da na uku, sai su ce tunda ba za su iya ajiye aiki yau ba, to neman ma ba shi da amfani. Haka za a zauna har ranar da aka miƙo takardar sallama, ko ranar da zuciya ta ɗebi mutum ya yi fushi ya fice. Ko wanne ne ya faru, zai fara nema ne babu albashi a hannu, ga kuɗin haya da na makarantar yara suna jira. Mai nema a wannan hali duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi. Wanda yake da aiki a hannu shi ne ke iya duban mai ɗaukar aiki ya ce masa wannan albashin bai yi ba.

Akwai masu ganin neman aiki alhali kana ƙarƙashin wani cin amana ne. Ba na ganin haka. Aiki yarjejeniya ce, kai ka ba da lokacinka da ƙarfinka, shi ya ba da lada, kuma kowanne yana da ikon warware ta bisa ƙa'ida. Cin amana shi ne ka riƙa sulalewa a lokacin aiki, ko ka kwashi kwastomomin mai gida da sirrin kasuwancinsa ka kai wa wani, ko ka ɓace babu sallama.

Me ya sa tambayar ta yi zafi a yanzu

Kafin Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai na gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari a Disamban 2023, sannan kashi 34.80 a Disamban 2024. Idan aka haɗa shekarun biyu, kayan da aka saya a kan naira 100,000 a ƙarshen 2022 sai an biya kusan 174,000 a ƙarshen 2024. Wanda albashinsa bai motsa ba a tsakanin nan, an zaftare masa sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da kuɗinsa ke iya saye, ba tare da kowa ya rubuta masa takardar rage albashi ba.

Gaskiya ne an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Amma 30,000 ta 2019 ta fi dala 80, ita kuwa 70,000 a lokacin da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Kuma dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ma'aikatanta ba su kai 25 ba, wato ta bar mafi yawan ƙananan makarantun kuɗi da shaguna da ƙananan asibitoci a waje.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Tsadar rayuwa ta shafi kowa, saboda haka albashin da bai isa ba shi kaɗai ba ya nuna cewa wurin aikinka ne ke da laifi. Mai yiwuwa duk inda ka je haka za ka tarar. Abin dubawa shi ne: takwarorinka masu irin karatunka da shekarunka a wasu wurare, nawa suke karɓa? Ma'aikatarka ta ƙara farashin kayanta ko kuɗin makaranta, amma ta bar albashi yadda yake? Ka taɓa zuwa da kanka ka nemi ƙari, ka ce "Yallaɓai, albashin nan ba ya kai ni ƙarshen wata, a duba mini," ka ji amsar da za a ba ka? Da yawa ba su taɓa tambaya ba saboda kunya, suna ta guna-guni a bayan ido. Idan ka tambaya aka faɗa maka lokaci da adadi, akwai abin jira. Idan kullum amsar ita ce "a ƙara haƙuri, ana dubawa," shekara ta zagayo ana nan ana dubawa, ka riga ka sami amsarka.

Alamun da ba a wasa da su

Albashi kaɗan abu ne da za a iya tattaunawa. Albashin da ba ya zuwa a kan kari wani abu ne daban. Jinkirin wata ɗaya yana iya faruwa a ko'ina, musamman idan shugabanni sun tara ma'aikata sun yi musu bayani. Amma idan ranar biya ta fara ja da baya, daga 25 ga wata zuwa 5 ga na gaba, zuwa 15, sannan aka koma biyan rabi, ana bin ma'aikata bashin wata biyu ko uku, to ɗayan biyu ne: ko kuɗin babu, ko akwai amma ba kai ne a gaba ba. Duka biyun dalili ne na fara nema. Yawanci abin da ke riƙe mutum a irin wannan wuri shi ne bashin da yake bi, yana tsoron idan ya tafi ba za a biya shi ba. Sai ya zauna yana gadin bashin wata uku har ya zama na wata takwas.

Ana yawan kawo maganar haƙuri a nan, kuma haƙuri abu ne mai kyau. Amma addinin da ya yi umarni da shi bai sassauta wa mai danne ladan ma'aikaci ba. A cikin Sahihul Bukhari, cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya sami cikakken aiki daga gare shi, sannan ya hana shi ladansa. Saboda haka bai kamata a riƙa nuna wa wanda ake ci wa gumi cewa neman mafita rashin tawakkali ba ne.

Alama ta biyu ɓoyayya ce, ita ce fansho. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya riƙa zuba kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci daga aljihunsa, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, a tura duka asusun ma'aikacin cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Akwai tara a kan wanda ya yi jinkiri. Abin da ke faruwa a wurare da yawa shi ne a cire kashi 8 ɗin a takardar albashi amma ba a tura ba. Ma'aikaci ba ya ganewa sai bayan shekaru, don ba ya duba asusunsa. Duba shi ba wuya: kamfanin da ke kula da fanshonka zai ba ka bayanin asusu idan ka nema, kuma hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana karɓar koke. Kamfanin da ya fara taɓa kuɗin fanshon ma'aikata yana cike giɓi ne da kuɗin tsufansu, kuma sau da yawa wannan yana riga jinkirin albashi bayyana. A ganina, wanda ya duba ya ga watanni shida babu abin da ya shiga, ya kamata a daren nan ya fara gyara takardunsa.

Ta uku ita ce rashin takarda. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Wanda ya shekara uku babu takardar ɗauka, ko yana nan a matsayin ɗan wucin gadi ana sabunta masa kwantiragi duk shekara, ya san cewa ranar da aka ga dama za a ce masa kada ya zo gobe. Wannan ya fi yawa a bankuna da kamfanonin sadarwa, inda za ka ga mutum biyu a kan kanta ɗaya suna aiki iri ɗaya, ɗaya ma'aikacin banki ne, ɗayan na wani kamfanin da ke kawo ma'aikata haya, albashinsu ko kusa bai yi daidai ba. Ga kuma shekaru suna tafiya. Tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata sukan sa iyakar shekarun haihuwa ƙasa da talatin, don haka wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jiran a mayar da shi na dindindin yana iya farkawa ya ga ƙofofin da suke buɗe masa a da sun rufe.

Idan ma'aikatar ce ke mutuwa

Wani lokaci shugabanka mutumin kirki ne, abokan aiki kamar 'yan uwa, amma wurin ne ke durƙushewa. Mutanen Kaduna sun san wannan. Masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, Kakuri da ke cika da ma'aikata a lokacin canjin aiki ta yi tsit, kuma tsofaffin ma'aikata sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Haka masana'antu da dama suka yi a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. An ga wuta ta yi ƙaranci, an ga atamfar waje ta cika kasuwa, an ga ana rage kwanakin aiki. Waɗanda suka karanta alamun suka kama wata sana'a tun da sauran ƙarfi sun fi waɗanda suka jira giratuti samun sauƙi.

Abin bai tsaya a tarihi ba. A 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya, kamfanin kayan masarufi na P&G kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a nan ya koma shigowa da su. A ranar 3 ga Yunin 2024 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, abin da ya girgiza ƙungiyoyin agaji a Borno da Adamawa da Yobe, inda aikin ƙungiya ya daɗe yana cikin mafi tsoka ga matasan da suka yi karatu.

Ma'aikaci ba ya ganin littafin kuɗin kamfani, amma yana ganin wasu abubuwa. Masu kawo kaya sun fara zarya suna neman kuɗinsu. An daina sayen man janareta. Wanda ya tafi ba a maye gurbinsa, sai a ɗora aikinsa a kan na kusa. Ɗalibai suna raguwa duk zango. Babbar alama kuma ita ce idan akanta da manyan da suka san cikin gida suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mai aikin ƙungiya kuwa ya san ranar da kuɗin shirinsa zai ƙare tun daga ranar da ya sa hannu, don haka wata shida kafin ranar ya kamata ya fara nema, ko da ana ta yi masa albishir za a sabunta. Dokar Ƙwadago ma ta ce idan za a rage ma'aikata, a bisa ƙa'ida wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, sai dai a yi la'akari da ƙwazo da ƙwarewa. Sabon shiga ya san matsayinsa ke nan.

Gajiya, mutunci da lafiya

Kowane aiki yana da gajiya, kuma babu wanda ke tashi kullum yana murnar tafiya ofis. Amma akwai gajiyar da barci da hutun ƙarshen mako ba sa maganinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan yanayi cikin kundinta a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma bayyana shi da abubuwa uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga rai har mutum ya daina damuwa da shi, da raguwar iya aikin kansa. Malamar jinya da ta fara jin haushin marar lafiya don ya kira ta, ko malamin da ya daina duba littafin yara alhali a da shi ne gwani, ba lallai ne halinsu ya lalace ba. Matakin farko shi ne a ɗauki hutu, a nemi canjin sashe ko a rage nauyi. Idan an dawo daga hutu kwana uku abin ya dawo sabo, ga hawan jini ya fara leƙowa, ga iyali sun fara tsoron dawowar mai gida, to kuɗin da ake karɓa asibiti zai koma.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar dogon lissafi. Shugaban da ke neman ma'aikaciya da lalata, ko wurin da ake tilasta wa mutum ya sa hannu a takardar ƙarya, ya ƙara sifili a rasit, ya sayar da maganin da ya san ya lalace. Ranar da asiri ya tonu, sa hannun ƙaramin ma'aikaci ne ke kan takarda. A irin wannan hali nema ya wajaba tun daga ranar farko, wani lokaci ma fita tana riga samun wani aikin.

Tsayawa cik ita ma dalili ce, ko da ba ta da zafi kamar waɗancan. Idan abin da ka iya yau shi ne abin da ka iya shekara huɗu da suka wuce, kuma duk kujerun da ke sama da kai na 'ya'yan mai kamfani ne da surukansa, ka san iyakar inda za ka kai.

Abin da bai isa dalili ba shi ne faɗan rana ɗaya da shugaba, ko an yi wa wani ƙarin girma an tsallake ka sau ɗaya, ko abokin karatunka ya sa hoton sabuwar mota. A bar zuciya ta huce tukuna.

Hujjar masu cewa a zauna

Dole a yi musu adalci. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da ta sauya tsarin lissafi a 2023 adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1, ba don ayyuka sun samu ba, sai don yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Alƙaluman hukumar sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna cikin harkokin da ba na tsari ba, masu ɗaukar albashi kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Wato kujerar da kake rainawa akwai ɗaruruwan masu digiri da ke mafarkin ta. Ba a manta da ranar 15 ga Maris na 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa don gurabe ƙasa da 5,000 a hukumar shige da fice, aka yi turmutsitsi mutane fiye da goma suka rasu. A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta yi bincike a kan sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya.

Amma idan aka duba da kyau, wannan hujja ce ta kada a ajiye aiki da gaggawa. Ba hujjar kada a nema ba ce. Hasali ma, tunda nema yana ɗaukar watanni ko shekara, shi ya sa ya kamata a fara da wuri.

Ma'aikacin gwamnati lissafinsa daban ne. Korarsa tana da wuya, yana da tabbacin zama har shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma kundin tsarin mulki ya yarda masa ya yi noma. Ga hanyoyin motsawa ba tare da an fita ba, kamar hutun ƙaro karatu da canjin ma'aikata. Wanda ya yi shekara 28 ba shi da dalilin jefar da ita saboda kwantiragin shekara biyu, komai tsokarsa. Wanda ya yi shekara huɗu, yana da ƙwarewar da ake nema a waje, kuma yana zuwa ofis ne ya sa hannu ya zauna a gindin bishiya, shi ne ya kamata ya tambayi kansa abin da zai iya yi bayan shekara goma a haka.

Yaron shago da batun sallama

Da yawa daga cikin matasanmu ba su da takardar ɗauka balle fansho, a kasuwa suke ƙarƙashin ubangida, a Kwari ko Singa ko Sabon Gari. Yarjejeniyarsu ta baka ce da amana: ka yi hidima shekaru, a koya maka kasuwa, a ƙarshe a sallame ka da jari ko a buɗe maka shago. Wannan tsari ya tayar da attajirai da yawa, kuma inda ake riƙe shi da gaskiya ya fi aikin ofis albarka. Matsalar ita ce babu ranar da aka yanka.

Abin da yaro zai duba shi ne waɗanda suka gabace shi. An sallame su, suna nan da shagunansu suna zuwa gaishe da Alhaji? Ko duk sun tafi ne da zargin sata daidai lokacin da sallamarsu ta matso? Ana nuna masa inda ake saro kaya da yadda ake ciniki da diloli, ko aikinsa har yanzu buɗe shago da ɗaukar kaya ne? Ana barin sa ya ɗan juya nasa a gefe? Idan ya yi aure yana da 'ya'ya amma har yanzu kuɗin cefane ake miƙa masa kullum da yamma, lokacin magana ya yi. Kuma akwai yadda ake yin ta. Ba a tsaye a bakin shago ake yi ba. Ana samun wanda ya kawo yaron tun farko, ko wani dattijon kasuwa da Alhaji ke jin nauyinsa, a je gida. Yaro ya ce: "Alhaji, kai ne ubana a kasuwar nan, duk abin da na sani a wurinka na koya. Iyali sun ƙaru, ina neman ka sa mini albarka in fara tsayawa da ƙafata." Amsar da za ta biyo baya, da abin da aka yi a watannin da suka biyo ta, su za su nuna masa ko jira zai yi ko ya nemi wata inuwar.

Fita waje

A 2025 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Ga mai takardar da ake nema a waje, wannan hanya ce ta gaske. Amma dokokin can suna canzawa ba tare da shawara da kowa ba: a Maris na 2024 Birtaniya ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar sababbi daga waje a wannan fanni. Masu tafiya aikatau ƙasashen Larabawa ta hannun dillalai kuwa, labarin ƙwace fasfo da hana albashi ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Duk aikin da sai ka sayar da gona ka biya wani kafin ka ga takardarsa, a gida ne ko a waje, abin gudu ne.

Idan aikin ya samu, yaya ake tafiya?

Kada a ajiye na hannu a kan alkawarin baka, ko da daga bakin babban mutum ya fito. Sai an ga takarda mai ɗauke da albashi da ranar farawa. A kuma yi lissafin abin da zai rage a aljihu, ba abin da aka rubuta ba. Ƙarin naira dubu hamsin a Abuja, inda haya da kuɗin mota za su cinye fiye da haka, ragi ne ga wanda ke zaune a gidan gado a Zariya. A tambayi ma'aikatan sabon wurin ko ana biyan su a kan kari, kuma a san cewa watannin farko na gwaji ne, ana iya sallamar mutum cikin sauƙi.

Dokar Ƙwadago ta tsara wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Sanarwar mako ɗaya zuwa sama dole ta kasance a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa abin da ke cikin takardar ɗaukarsu shi ne ke aiki a kansu, wani wurin har wata uku, don haka a karanta ta kafin a yi wa sabon wuri alkawarin rana. A miƙa kayan aiki da lissafi a rubuce, a karɓi shaidar an miƙa, domin zargin da ke biyo bayan tafiya yawanci daga nan yake fitowa. Wanda ake riƙe wa albashi ya adana takardunsa da saƙonnin banki, tafiyarsa ba ta kashe bashin ba, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohi, ita ce ke sauraron irin wannan ƙara.

Asusun fansho na ma'aikaci ne, ba na kamfani ba, lambarsa kawai zai kai wa sabon wurin a ci gaba da zubawa. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya rabu da aiki kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, doka ta ba shi damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki. Yana rage raɗaɗi, amma daga kuɗin tsufansa ake cirewa, kuma ga mai ƙaramin albashi da wuya ya riƙe gida fiye da 'yan watanni.